Yadda ake haɗa kyamarar sa ido ga firintar 3D ta gida

Firintar 3D ba ta gama aiki a cikin minti biyar kamar firintar takarda. Ƙaramin abu yakan ci awa biyu ko uku, babba kuwa sai ya wuni ya kwana ana bugawa, kuma babu mai sukunin zama a gabanta tsawon wannan lokaci yana kallon yadda take ɗora narkakkiyar roba shimfiɗa bisa shimfiɗa. Matsalar ita ce yawancin firintocin gida ba su san lokacin da aiki ya lalace ba. Idan abin da ake bugawa ya ɓalle daga faranti, ko zaren roba ya sarƙe a jikin naɗinsa, ko bakin da ke fitar da robar ya toshe, firintar za ta ci gaba da zagayenta har ƙarshen umarnin da aka ba ta, sai mai ita ya dawo ya tarar da tarin zare a cukurkuɗe kamar taliya, an yi asarar roba da wuta da yini guda. Amfanin kyamara shi ne a ga ɓarnar tun tana ƙarama a tsayar da aikin daga inda ake.

Hanyar da na fi yarda da ita ga mai firinta ɗaya a gida ita ce manhajar OctoPrint, wadda wata 'yar ƙasar Jamus mai suna Gina Häußge ta fara rubutawa a 2012, kuma har yau kyauta take. Manhajar tana zama a kan ƙaramar kwamfuta da aka jona da firinta ta kebul ɗin USB, tana aika mata umarni, tana karanta zafin baki da na faranti, sannan ta nuna komai a shafin da ake buɗewa ta burauza. Abin da ya kamata a fahimta tun farko shi ne OctoPrint ba ita ke ɗaukar hoton ba. Wata manhaja ce daban mai suna mjpg-streamer ke karɓar hotuna daga kyamara tana watsa su, ita kuwa OctoPrint nuna su kawai take yi a shafinta. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai san inda zai duba duk ranar da hoto ya ɓace alhali firinta tana aiki lafiya.

Kayan da za a tanada

Ana buƙatar Raspberry Pi, wato ƙaramar kwamfutar da OctoPrint za ta zauna a kai, kuma masu manhajar sun ba da shawarar 3B ko 3B+ ko 4B ko Zero 2 W. Kada araha ta ja mutum ga tsohuwar Zero W ta farko, domin da zarar hoto ya fara tafiya ta Wi-Fi ɗinta sai ƙarfinta ya raunana, umarnin da ke zuwa firinta ya riƙa tsaitsayawa, kuma duk inda bakin firinta ya ɗan dakata yakan bar ƙullutu a jikin abin da ake bugawa. Sai katin memori mai inganci na gigabayit 16 ko 32, da kebul ɗin USB mai ɗaukar bayanai, ba irin wanda caji kawai yake yi ba.

Maganar cajar da za ta ba Pi wuta ta fi ƙarfin a yi mata riƙon sakainar kashi. Pi 4 tana son bolt 5.1 da amfiya 3, Pi 3B+ kuma amfiya 2.5, kuma kyamarar USB daga jikinta za ta riƙa shan wuta. Cajar waya ta kasuwa takan rubuta adadin da ba ta iya bayarwa, siririn kebul kuma yakan rage abin da ya iso. Rabin matsalolin da ake ɗora wa kyamara, irin su hoto ya daskare ko kyamara ta ɓace bayan awa ɗaya, daga nan suke tasowa.

Game da kyamarar kanta, kusan kowace kyamarar USB da ake sa wa kwamfuta don hira ta bidiyo za ta yi, muddin tana iya fitar da hoto a tsarin MJPEG. Logitech C270 ta yi suna a wannan aiki saboda arha da juriya, ko da yake iyakarta 720p, C920 kuma ta fi ta kaifi da tsada. Akwai kuma kyamarar Pi ta musamman mai faffaɗan kebul. Wanda ya sayi irinta mai suna Camera Module 3, wadda ta fito a 2023, ya sani cewa tsohon tsarin mjpg-streamer ba ya tafiyar da ita, sai sabon tsarin da za a ambata nan gaba.

Zuba manhaja a katin memori

Ba sai an girka kowace manhaja ɗaya bayan ɗaya ba, domin akwai OctoPi, wani shiryayyen kunshi da Guy Sheffer ke kula da shi, wanda ya haɗa babbar manhajar Pi da OctoPrint da mjpg-streamer wuri guda. A sauke Raspberry Pi Imager a kwamfuta, a sa katin memori, a shiga wajen zaɓen manhaja, a bi “Other specific-purpose OS”, sannan “3D printing”, sannan OctoPi. Za a ga zaɓi biyu, na yau da kullum da kuma mai sabon tsarin kyamara wanda ke amfani da camera-streamer. Mai kyamarar USB ya ɗauki na yau da kullum, kuma a kansa wannan bayani zai tafi.

Kafin a danna rubutawa, a buɗe saitin da Imager ke bayarwa a cike shi a tsanake. A bar sunan mai amfani a matsayin pi, a sa masa kalmar sirri mai ƙarfi, a kunna SSH, wato hanyar shiga Pi daga wata kwamfuta don rubuta mata umarni, a rubuta sunan Wi-Fi na gida da kalmar sirrinsa daidai da manya da ƙananan baƙaƙensu, a zaɓi ƙasa, NG ga Najeriya ko NE ga Nijar. Pi 3B da Zero 2 W ba sa ganin Wi-Fi na 5GHz, sai na 2.4GHz, don haka idan rautar gidan tana fitar da biyun a ba su wanda suke gani.

Bayan an gama, a sa katin a Pi, a jona kyamara da firinta, a ba ta wuta, a ba ta 'yan mintuna, domin kunnawar farko tana ɗaukar lokaci. Daga waya ko kwamfutar da ke kan Wi-Fi ɗaya a buɗe http://octopi.local. Wasu wayoyin ba sa gane wannan suna, to sai a shiga shafin rauta a duba lambar IP da ta ba Pi, wani abu mai kama da 192.168.0.105, a rubuta ta a madadinsa. Tun da an riga an shiga rautar, gara a ɗaure wa Pi wannan lamba ta zama tata ta dindindin, don kada ta sauya bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. OctoPrint za ta nemi a buɗe asusu da kalmar sirri, ta tambayi girman farantin firinta, sannan a haɗa da firintar ta barin tashar sadarwa da saurinta a kan AUTO.

Tabbatar da cewa hoto yana fitowa

Idan komai ya tafi daidai, hoton zai bayyana a sashen Control ba tare da an taɓa komai ba. Idan bai bayyana ba, kada a fara da sauye-sauye a cikin OctoPrint. A buɗe wannan adireshi kai tsaye a burauza:

http://octopi.local/webcam/?action=stream

Idan hoto ya fito a nan, mjpg-streamer lafiya take, kuskuren yana cikin saitin OctoPrint. A shiga saitin kyamara, wanda daga fitowa ta 1.9.0 ya koma ƙarƙashin Classic Webcam, a tabbatar adireshin watsawa /webcam/?action=stream ne, na ɗaukar hoto ɗaya kuma http://127.0.0.1:8080/?action=snapshot ne. Na farkon burauzar mai kallo ce ke neman sa, na biyun kuwa ita Pi ɗin ce ke nema daga cikin kanta, shi ya sa siffarsu ta bambanta. A wurin ne kuma ake juya hoton idan an kafa kyamara a kife ko a kaikaice.

Idan kuwa ko a can bai fito ba, sai a shiga Pi ta SSH da umarnin ssh pi@octopi.local. Umarnin lsusb zai nuna ko Pi ta ga kyamarar ma tukuna. Idan sunanta bai fito ba, matsalar kebul ce ko ramin USB ko wuta, kuma babu saitin da zai gyara ta. Idan ya fito, a karanta abin da ke cikin /var/log/webcamd.log, inda ake rubuta dalilin da ya hana watsawa tashi. Sannan a tambayi kyamarar abin da take iyawa:

v4l2-ctl --list-formats-ext

Amsar za ta jero tsarin hoto da girma da yawan hotuna a daƙiƙa da kyamarar ta yarda da su. Idan Pi ta ce ba ta san umarnin ba, a girka shi da sudo apt install v4l-utils. Abin nema a cikin jerin shi ne MJPG. Kyamarar da YUYV kaɗai take da shi, wato tsarin hoton da ba a matse ba, tana iya aiki idan aka ƙara -y a saitin da za a nuna nan gaba, amma a lokacin Pi ce za ta riƙa matse kowane hoto da kanta, ta yi zafi, ta raba hankalinta tsakanin hoto da firinta. Ra'ayina shi ne a sauya irin wannan kyamara maimakon a yi ta fama da ita.

Girman hoto da cin data

Saitin kyamara yana cikin fayil ɗin octopi.txt, a sashen katin memori da kowace kwamfuta ke iya buɗewa. Daga cikin Pi kuwa yana /boot/octopi.txt, ko /boot/firmware/octopi.txt a sababbin fitowa. Layuka biyu ne abin kula, kuma dole a cire alamar # da ke gabansu kafin su yi aiki:

camera="usb"
camera_usb_options="-r 1280x720 -f 5"

Lambar da ke bayan -r girman hoto ce, wadda ke bayan -f kuma yawan hotuna a daƙiƙa. Idan ba a taɓa komai ba, OctoPi tana farawa da 640x480 da hoto 10 a daƙiƙa. Duk girman da za a rubuta sai ya kasance cikin waɗanda kyamarar ta jero, in ba haka ba watsawar na iya ƙin tashi. Bayan an adana, a ba da umarnin sudo systemctl restart webcamd.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin kowa yana son ya ga hoto mai santsi na 1080p da hoto 30 a daƙiƙa. Tsarin MJPEG ba ya yin dabarar da bidiyon waya ke yi ta aika abin da ya sauya kawai. Kowane hoto cikakken JPEG ne da ake aikawa daga farko har ƙarshe. A ɗauka hoto ɗaya ya kai kilobayit 40: goma a daƙiƙa ya zama kilobayit 400, wanda a awa ɗaya ya haura gigabayit 1.4. A cikin gida, inda hoton ke tafiya tsakanin Pi da waya ta rauta, wannan ba ya taɓa data ko kaɗan, sai dai ya cika Wi-Fi. Amma da zarar an fita ana kallo daga kasuwa ko ofis, data biyu ake ci a lokaci guda, ta gida da ke aikawa da ta wayar da ke karɓa. Abin da ake son gani a firinta ba ya gudu. Tambayar ita ce ko abin yana nan manne da faranti, ko roba tana fita, kuma hoto uku zuwa biyar a daƙiƙa ya wadatar wajen amsa ta. Idan za a zaɓa tsakanin girma da sauri, a ɗauki girma a rage sauri.

Wurin kafa kyamara, haske da kaifin hoto

Kyamarar da aka kafa a sama tana leƙen faranti ba ta nuna abin da ya fi muhimmanci, domin kan firinta yakan rufe wurin da ake aiki. A kafa ta daga gaba ko daga kusurwa, ta ɗan ɗara tsayin faranti kaɗan, ta yadda za a ga bakin firinta da shimfiɗar farko da gefen abin da ake bugawa, inda ɓallewa ke farawa da ɗan ɗagowar kusurwa. Idan zai yiwu a sa naɗin zaren ma ya shigo cikin hoton ta gefe, an ƙara samun riba. A firintoci irin Ender 3, waɗanda farantinsu ke kai da komo, ana iya ɗaure kyamara a jikin farantin don abin ya tsaya cak a hoto, amma sai a kula da kebul ɗin, a bar masa sarari, a motsa farantin da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ga bai maƙale ko ya ja ba.

C270 an daidaita idonta ne don fuskar mutumin da ke zaune nesa kaɗan da kwamfuta, saboda haka abin da ke kusa da ita sosai yakan fito a dushe. Ana gyara wannan ta buɗe murfin gabanta, a kankare ɗan gam ɗin da ya riƙe zoben gilashin, a murɗa shi a hankali ana kallon hoto har rubutun da aka ajiye a tsakiyar faranti ya fito sarai. Masu daidaita kansu, irin C920, tasu matsalar daban ce: duk lokacin da kan firinta ya gifta sai su sake neman kaifi, hoton ya riƙa dushewa yana dawowa. Umarnin v4l2-ctl --list-ctrls zai nuna sunan saitin, wanda a sababbin fitowa focus_automatic_continuous ne, a tsofaffi kuma focus_auto. A mayar da shi 0, sannan a gwada lambobi a focus_absolute har a dace. Wannan saiti yakan goge idan Pi ta mutu ta tashi, don haka a sa umarnin a crontab, wato jadawalin umarnin da Pi ke aiwatarwa da kanta, da alamar @reboot don ya gudana duk lokacin da ta tashi, a ba shi jinkirin daƙiƙa 30 kyamara ta gama tashi.

Akwai kuma wasu layuka masu duhu da kan riƙa gangarowa a hoto idan hasken ɗakin na lantarki ne. Wutar Najeriya da Nijar da Gana tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuma sau 60, kuma idan kyamara tana kan 60 sai ta saɓa da ƙwan da ke ɗakin. Ana gyarawa ta ƙara -pl 50hz a ƙarshen layin camera_usb_options. Don aikin dare, ƙaramar fitilar LED da aka kafa daga gefen kyamara ta fi wadda ke fuskantarta, kuma gara ta sami wutarta daga wata caja daban, ba daga jikin Pi ba.

Kallo daga wajen gida

Wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar taka-tsantsan. Shawarar da za a fara cin karo da ita a intanet ita ce a buɗe ƙofa a rauta a miƙa ta ga Pi, ta yadda za a iya iso mata kai tsaye daga intanet. Kada a yi haka. A 2018 masu binciken tsaro na cibiyar SANS sun gano OctoPrint sama da 3,700 a buɗe a intanet ba tare da kalmar sirri ba, inda kowa zai iya kallon kyamara, ya kwashe fayiloli, ya aika wa na'ura mai zafin digiri 200 umarni. An tilasta kalmar sirri daga baya, amma kalmar sirrin OctoPrint ba ta rufe adireshin kyamara, tun da manhaja ce daban ke watsa shi. Wanda ya buɗe ƙofar ya buɗe wa baƙi wani sashe na ɗakinsa, har da duk wanda ya gifta ta bayan firinta daga cikin iyali. Ko babu wannan haɗari ma, yawancin masu intanet na layin waya ko MiFi ba su da adireshin kansu da za a iso ta waje, domin kamfani yakan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, don haka buɗe ƙofar ba zai yi aiki ba.

Hanya mai tsafta ita ce Tailscale, wadda ke haɗa na'urorin mutum a wata keɓaɓɓiyar hanya da aka gina a kan WireGuard, wani tsarin ɓoye bayanan da ke tafiya tsakanin na'urori. Ana girka ta a Pi da kuma waya, a shiga da asusu ɗaya, sai Pi ta sami adireshi mai farawa da 100 wanda na'urorin mai asusun kaɗai ke iya kaiwa gare shi, ko da ana bayan layin waya. Wanda ba ya son taɓa umarni yana iya girka OctoEverywhere ko Obico daga ma'ajiyar ƙarin manhajoji ta OctoPrint. Obico tana da wani ƙarin amfani, wato tana nazarin hotunan da kanta, idan ta ga alamar zare ya fara cukurkuɗewa ta aiko da gargaɗi ko ta dakatar da aiki, sai dai a san cewa hotunan suna bi ta kwamfutocin kamfanin. Ga mai lissafin data kuwa, ƙarin manhajar Telegram ta fi kowacce sauƙi, domin hoto ɗaya take aikowa a lokacin da aka tsara ko lokacin da aka tambaya, kuma ana iya tsayar da aiki daga cikin hirar.

Wuta da zafi

OctoPrint tana aika umarni layi bayan layi, saboda haka idan Pi ta mutu aikin ya tsaya. Dabarar ci gaba bayan ɗaukewar wuta da wasu firintoci ke da ita an yi ta ne don aikin da ake bugawa daga katin memorin firintar, ba wanda ke zuwa ta USB ba. Mai inbata ko sola ya ɗora firinta da Pi da rauta duka a kai, domin ko Pi ta rayu, idan rauta ta mutu babu hoton da zai fita. Yankewar wuta ba zato kuma takan lalata katin memorin Pi, shi ya sa ake kashe ta daga maɓallin da ke saman shafin OctoPrint kafin a zare caja, kuma ake adana kwafin saiti daga sashen Backup lokaci zuwa lokaci.

Umarnin vcgencmd get_throttled yana faɗin gaskiyar wutar da Pi ke samu. Idan amsar 0x0 ce, lafiya lau. Idan wata lamba ce daban, ko alamar gargaɗi ta fito a saman shafin, a fara da sauya caja da kebul. Umarnin vcgencmd measure_temp kuma yana nuna zafinta, kuma daga digiri 80 take fara rage gudu don kare kanta, abin da ba shi da wuyar faruwa a rufaffen ɗaki a watan Afrilu idan babu ƙaramar fanka a akwatinta. Kada a sa Pi a cikin akwatin da aka rufe firinta don riƙe zafi. Wasu firintocin kuma sukan ja wuta daga Pi ta kebul ɗin USB, har allonsu ya kasance a kunne alhali an kashe su. Ana magance wannan da ɗan ƙaramin salatif da za a rufe ƙarfen bolt 5 na kan kebul ɗin, a bar sauran ukun.

Kyamara tana nuna hayaƙi, amma ba ta kashe gobara. Kafin a fara barin firinta ita kaɗai, a tabbatar manhajar da ke cikinta tana da kariyar da ke yanke wuta idan zafi ya ƙwace, a kawar da takardu da tufafi daga kusa da ita, a kafa na'urar jin hayaƙi a ɗakin, kuma a tsaya a gabanta har shimfiɗar farko ta kwanta. Gwajin ƙarshe shi ne a ɗora ƙaramin aiki na minti 20, a kashe Wi-Fi na waya a koma kan data, a buɗe hoton ta hanyar da aka zaɓa, a danna Cancel, a duba da ido cewa kan firinta ya tsaya kuma lambar zafin baki da ta faranti sun fara sauka. Idan zafin bai sauka ba, a shiga sashen GCODE Scripts, a ƙara M104 S0 da M140 S0, waɗanda ke kashe zafin baki da na faranti, a cikin umarnin da ke gudana bayan soke aiki, sannan a maimaita gwajin.